Robar da Muke Ɗaure Makulli da Ita

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a benci a tasharmu ta Tudun Wada, ina kwance ƙullin igiyar lodi, na ji ɗayanku yana gaya wa abokansa cewa tuƙa babur mai lantarki ba sana'a ba ce. Ya ce babu giya, babu kuloci, babu buga kiki, ka murɗa ya tafi, ka saki ya tsaya, ko kakarsa za ta kai shi Doguwa ta dawo kafin la'asar. Suka yi dariya. Ban ɗaga kai ba, domin na san muryar, na kuma san uban mai muryar. Amma da ya tashi zai tafi na dubi babur ɗinsa, na ga ya yanke robar da ƙungiya ta ce kowa ya ɗaure makullinsa da ita.

Robar nan ce ta hana a kore mu daga tashar nan, kuma da sharaɗi aka bar mu: ranar da wani mai lantarki ya sake faɗuwa a gangare, maganarmu ta ƙare gaba ɗaya. Na lura an bar ku kuna ɗaura ta ba ku san dalili ba. To, ga dalilin, daki-daki.

Sunana Garba. A tasha ana ce mini Baba Mai Ƙararrawa, zan zo kan wannan. Na fi shekara talatin a kan babur, kuma kafin in hau sai da na kwanta a ƙarƙashinsa. Aikin farko da aka ba ni a garejin Malam Ado da ke Bebeji shi ne zama. Yakan zaunar da ni a kan tsohuwar taya, bayana yana kallon titi, duk babur ɗin da ya wuce sai ya tambaye ni abin da ke damunsa.

"Wancan fa?"

"Filogi ne, Malam."

"Filogin gidanku. Sarƙa ce ta yi sako-sako. Sake saurara."

Wata huɗu na yi ina wannan kafin ya bar ni na taɓa sifana. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: sifana mai lamba goma da mai sha biyu, filaya, sukundireba biyu, ƙaramar guduma da tsumma. Amma mutum zai tsaya da babur a bakin garejin, kafin ya gama sallama Malam Ado ya riga ya ɗauko abin da zai kwance. Ni ba na son zaman nan a lokacin. Daga baya shi ya ciyar da ni.

Da na bar gareji sai na shiga dakon kaya. Masara daga ƙauyukan kan dutse na Doguwa, shinkafa daga fadamun Tudun Wada, taki zuwa Ɗansoshiya da Ba'awa idan damina ta kama. Wadda ta fi daɗewa tana ba ni aiki ita ce Hajiya Talatu, mai sarin masara. Tana cikin gida take gane isowata, da ƙarar salansata, har ta aiko a buɗe rumbu kafin in yi sallama. Haka kowa yake a ƙauyukan nan. Kunne ne yake fara ganin babur, ba ido ba.

Sai shekarar da kuɗin mai ya tashi. Ku kuna makaranta ko kuna gona a lokacin, ba za ku san yadda ta kasance a tasha ba. Mutum zai wuni yana aiki, da yamma ya tarar mai kwalaben fetur na bakin hanya ne ya yi wa aikin. Fasinja suka koma tafiya a ƙafa. A wannan shekara ne wata tsohuwar dabara ta zama doka a hannun kowa: da zarar ka kai kan gangare, ka kama kuloci, ka sa giya a firi, ka kashe makulli, nauyi ya kai ka ƙasa ba tare da ka ƙona ko ɗigo ba. Idan lodi ya so ya fi ƙarfinka, ka murɗa makulli, ka jefa giya ta biyu, ka saki kuloci, inji ya kama ya riƙe ka. Ba wauta ba ce. Dabara ce mai kyau a kan babur mai fetur, ita ta rufa wa da yawanmu asiri. Mun yi ta sau dubbai, har hannu ya daina neman izinin kai. Na sha isa ƙasan gangare ina cikin hira da fasinja, sai da na murɗa totur na ji shiru sannan na san na kashe.

Ku riƙe wannan, domin duk labarin a kansa yake.

Na sayar da tsohon babur ɗina da sa ɗaya na sayi mai lantarki. A Kwanar Dangora aka sauke su daga babbar mota. Wanda ya miƙa mini makulli matashi ne mai tsaftar riga, wanda da ganin tafin hannunsa ka san bai taɓa ɗaure buhu ba. Ya nuna mini inda ake sa caji, ya danna mini hon sau biyu, ya ba ni wani ɗan littafi da babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki. Na tambaye shi yadda yake yi da lodi a kan dutse. Ya ce, "Baba, ai wannan shi yake tuƙa kansa." Har yau idan na tuna wannan magana raina yana ɓaci. Ka sayar wa mutanen da ke sauka daga duwatsun Doguwa da buhu uku a baya abin hawa, ba ka ce musu ko kalma ɗaya a kan gangare ba.

Lodin farko da na ɗauka da shi taki ne, buhu biyu, zuwa Ba'awa. Na murɗa totur kamar yadda na saba, ina jiran ya yi nishi ya ɗauka a hankali. Bai yi nishi ba. Ya zabura da ni, saura kaɗan in shiga teburin mai shayi. Mai fetur yana ba ka lokaci tsakanin hannunka da taya, wannan ba ya bayarwa. Abin da ka murɗa shi za ka samu nan take, saboda haka wuyan hannu ne giyarka, shi ne kulocinka. Nauyinsa kuma a ƙasa yake, a tsakiya, inda batir yake zaune. A kan kwalta wannan daɗi ne, yana kwanciya a kwana kamar an ɗora shi a kan layi. A cikin rairayi kuwa, idan gaba ya nutse, ba za ka fizge shi da ƙarfin kafaɗa ba kamar yadda muka saba. Sai ka sassauta, ka bar shi ya fito da kansa. Mako biyu kafaɗuna suna ciwo kafin in daina kokawa da shi.

A hanyar Ba'awar nan ce kuma na kusa kashe wani dattijo. Yana tafe a tsakiyar hanya da fartanya a kafaɗa, na taho ta bayansa, ina jiran ya kauce kamar yadda kowa ke kaucewa tun daga nesa. Bai kauce ba, domin bai ji komai ba. Na danna hon ina dab da shi, ya firgita ya yi tsalle zuwa ɓangaren da na karkata. Allah ne ya kiyaye. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ɗan nan, idan za ka zo kamar ɓarawo, ai ka bari sai na shiga gida." Gaskiyarsa ce. Ranar kasuwa na je wajen Fulani na sayi ƙaramar ƙararrawa, irin wadda suke rataya wa dabba, na ɗaure a ƙarƙashin fitila. Da na shigo tasha aka ce ga bunsurun Baba ya iso. Hajiya Talatu ma ta ce sau biyu tana aikawa a kori awaki daga bakin rumbu, ashe ni ne. Daga nan sunan Baba Mai Ƙararrawa ya bi ni. Ban damu ba. Tun daga ranar ko kaza ban taka ba.

Kuna cewa ba shi da ƙara. Yana da ita, ku ne ba a zaunar da ku a kan taya ba. Idan ka murɗa makulli, ka ƙirga uku, za ka ji ƙas, kamar an rufe kwado. Kafin wannan ƙas ɗin, babur bai farka ba, ko me ka murɗa ba zai ji ka ba. Idan kana tafiya akwai wani siririn kuka kamar na sauro, yana hawa yadda gudu ke hawa. Sarƙa tana nan da maganarta kamar da, ta ma fi fitowa yanzu da babu salansa. Sai ƙara ta huɗu, wadda ita ce ranka a kan dutse. Idan ka saki totur a gangare, kukan sauron nan yana komawa ƙasa, ya yi kauri, kamar ka kara kunne a jikin amyar zuma, kuma za ka ji babur yana ja da baya kamar wani ya riƙe kariyar ɗora kaya ta baya. Waɗanda suka hau keke mai dainamo sun san yadda feda ke yin nauyi idan aka kwantar da dainamon a jikin taya don fitila ta kama. To haka ne. Injin da ke tura ka ya juya yana karɓa daga taya yana mayar wa batir, wannan nauyin kuma shi ne yake riƙe ka. Birki ne wanda ba ya zafi, ba ya cin takalmin birki.

Amma ba kullum yake zuwa ba. Na gano haka wata rana da na bar babur a wajen mai caji da sola a wani ƙauye da ke kan tudu, ina jiran a auna masara, har batir ya cika maƙil. Na ɗaure buhu biyu na kama gangare, na saki totur, na kasa kunne. Babu zuma. Batir ya ƙoshi, babu inda za a zuba, saboda haka inji bai riƙe ba. Na tsaya tun gudu bai yi nisa ba, da birkin hannu da na ƙafa, na sauko a hankali kamar mai rakiyar amarya. Tun daga ranar ba na cika batir a kan tudu. Kuma tun daga ranar nake taka birkina kowace safiya, in ɗaure wayarsa duk mako, ko da ban yi amfani da shi ba.

A lokacin mu uku ne masu lantarki a tasha. Na biyu shi ne Sabi'u. Ba yaro ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, kuma ban taɓa ganin wanda ya fi shi iya lodi ba. Yakan sauko da buhu uku a inda ni nake tsoron biyu. Ranar da ya kawo nasa na kira shi gefe na ce zan nuna masa wasu abubuwa.

"Baba, ka nuna wa bunsurunka," in ji shi. "Ni da na tuƙa mai giya huɗu shekara goma sha biyar, wannan na mata zai gagare ni?"

"Ka dai riƙa taɓa birkinka. Kuma ka saurari ƙararsa a gangare."

"Wace ƙara? Abin da ko tari ba ya yi?"

Aka yi dariya. Ga laifina a nan, kuma ba zan ɓoye ba: na yi masa maganar batir, na yi masa maganar birki, ban yi masa maganar makulli ba. Ni kaina ban san hannuna ya daina zuwa wajen makullin ba, saboda tun makon farko na shagala da sauraron zumar nan.

Akwai wani gangare a hanyar da ke saukowa daga ƙauyukan dutse, mu muna ce masa Gangaren Maƙera. Farkonsa a kwance yake, yana yaudara, sai ya karye, a ƙasa kuma ga kwana da kwalbati. Wata ranar kaka da hantsi Sabi'u ya taho da buhu uku na Hajiya Talatu. Masu girbi a gefen hanya sun ce sun ga ya wuce su shiru kamar tsuntsu, ƙafarsa ta hagu tana ta dukan iska. Bai sha kwanar ba. Cinyarsa ta karye a wuri biyu.

Ni na je ɗauko babur ɗin. Na duba birkin baya, wayar ta yi tsatsa tun ruwan damina, ta saki, ka taka har ƙasa ba ta kama ba. Wata uku yana sauka da birkin inji kaɗai, bai san ɗayan ya mutu ba. Sannan na dubi makulli. A kashe yake.

Na same shi a gidan mai ɗori, an jera masa karare a ƙafa. Bayan mun gaisa na yi masa sannu, na ce, "Sabi'u, ka kashe makulli a kan gangaren nan?"

"Ban taɓa shi ba, Baba."

"A kashe na same shi."

"To faɗuwa ce ta juya shi. Wallahi ban taɓa shi ba. Abin nan ne kawai ya sake ni."

Ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya sa maganar ta yi wuya ke nan. Mutumin da kowa ya san gwaninsa ya rantse cewa babur ne ya sake shi, wa zai saurari mai ƙararrawa? Cikin kwana biyu labari ya kai Kiru cewa mai lantarki ba shi da birki. Hajiya Talatu ta aiko cewa in dakata da ɗaukar mata kaya. Ƙungiya ta kira taro bayan sallar Juma'a, kuma kowa ya san abin da za a yanke: kada mai lantarki ya sake ɗaukar mutum ko buhu daga tasharmu. Ni kuwa mai fetur ɗina yana hannun wani a Bebeji, san da na sayar kuma an daɗe da cinye shi.

Shugabanmu a lokacin Alhaji Lawan ne, mutum mai jiki, wanda ya riga ni hawa babur. Da aka ba ni dama na yi bayanin makulli. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam Garba, kana nufin Sabi'u bai san abin da hannunsa ya yi ba? Wane mahaukaci ne zai kashe abin da ba ya shan mai?"

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. Gobe ka tuƙa nawa a Gangaren Maƙera, ni ina bayanka. Babu lodi. Abin da ka gani, shi za a yanke."

"Ka gaji da ni ne kake so ka kai ni wajen mai ɗori?"

"Ai tare za mu je."

Ya yarda, ina jin don kada a ce ya ji tsoro. Da safe na ɗaure birki biyun da hannuna, na gwada su sau uku, na tabbata batir bai cika ba. Mutum kusan goma suka biyo mu a kan nasu. Na bar shi ya tuƙa a miƙaƙƙiyar hanya har ya saba, na nuna masa yadda inji ke riƙewa idan ya saki totur, ya ji zumar da kunnensa, ya ce lallai akwai dabara. Na sake gaya masa a fili, a gaban kowa, kada ya taɓa makulli. Ya ce ya ji, shi ba yaro ba ne.

Da muka doshi gangaren sai na ɗauko masa maganar farashin masara, na ce ana cewa bana za ta faɗi. Alhaji Lawan yana da buhuna a ajiye, ya shiga musu da zafi. Yana cikin gaya mini abin da aka sayar a Doguwa makon jiya, gaban babur ya sunkuya. Ina kallo ta kan kafaɗarsa. Hannunsa na hagu ya bar kan babur, ya sauka, ya murɗa, ya koma wurinsa. Bakinsa bai daina magana ba.

Zuma ta ɗauke. Babur ya yi sauƙi kamar an yanke igiya. Na ji bayansa ya sandare, na ga ƙafarsa ta hagu tana neman giyar da babu ita.

"Birki, Alhaji. Na ƙafa tukuna, a hankali. Haɗa da na hannu."

Muka tsaya taku kaɗan kafin kwalbatin. Har lokacin akwai ƙwayoyin masarar Hajiya Talatu a cikin ciyawa, kurciyoyi suna tsinta. Ya sauka, ya dafa gwiwa. Sannan ya dubi makullin.

"Wa ya kashe?"

"Hannun wa ya fi kusa, ranka ya daɗe?"

Ya ɗaga hannun hagunsa yana kallo kamar na wani ne aka ba shi aro. Na san ganganci na yi, kuma ba na ba kowa shawarar ya maimaita. Amma babu bakin da zai gamsar da su, sai hannun shugaba.

A nan bakin kwalbatin aka yanke magana. Ba za a kore mu ba. Amma duk mai lantarki, da zarar ya kunna ya ji ƙas, sai ya naɗe kan makulli da robar tsohon tib na taya ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, yadda hannu ba zai iya murɗawa ba sai an tsaya an kwance. Kuma Alhaji Lawan ya ƙara sharaɗin da na gaya muku a farko. Ya ce shi ya gani da idonsa, amma mutanen gari ba su gani ba, kuma ba zai iya kare mu sau biyu ba.

Yanzu mun haura ashirin a tasha. Kuna cewa ku ba ku tuƙa mai fetur a shekarar tsada ba, hannunku bai koyi komai ba. Ƙarya ne. A bayan yayyenku kuka girma kuna kallon hannunsu, kuma rabinku da safe kuna kan mai lantarki, da yamma kuna kan mai fetur na gida. Kuna cewa robar tana ɓata lokaci, kowace tsayawa sai an kwance. Na ƙirga, ba ta kai tsawon amsa sallama ba.

Kai da ka yanke taka, ban faɗi sunanka ba saboda mahaifinka. Ba kanka kaɗai ka ɗora a kan gangaren nan ba, har da abincin mutum ashirin. Sabi'u yana nan ƙarƙashin darbejiyar tasha kullum daga hantsi, sandarsa a gefe, da tsohon tib da reza a cinyarsa. Shi yake yanka robar, shi yake ɗaura wa sababbi, ba ya karɓar komai. Ka je ya ɗaura maka wata. Idan ya gama, ka maimaita masa maganar kakarka.